Daga Shikago Zuwa Ann Arbor, A Sawun Wani Take

Taron malamai ne ya kai ni Shikago cikin watan Oktoba, amma tun kafin in bar gida 'yar yayana da ke digiri na uku a Jami'ar Mishigan ta riga ta ɗaure ni da alkawari. Ta ce ba zan juyo ba sai na biyo ta Ann Arbor na ga Asabar ɗinsu, har ma ta nema mini tikitin shiga filin wasa. Ƙwallon Amurkawa bai taɓa damuna ba. Abin da ya ja hankalina wata magana ce da ta yi a waya: jami'arsu tana da take, ana kiran sa The Victors, mutum sama da dubu 100 ke rera shi baki ɗaya, kuma a garin da zan je taro aka tsara shi tun 1898. Duk wanda ya daɗe yana koyarwa ya san wuyar sa aji guda ya haddace baiti huɗu. Sai na ƙudura in bi sawun taken tun daga inda ya faro.

Da aka tashi taro na nufi kudancin gari, unguwar Hyde Park, inda Jami'ar Shikago take. Attajirin man fetur John D. Rockefeller ne ya zuba dukiyar kafa ta, aka buɗe ta a 1892, kuma tun farkon farawa ta ɗauko Amos Alonzo Stagg ya horar mata da 'yan ƙwallo. Filin da suke wasa ana ce masa Marshall Field, da sunan babban ɗan kasuwar garin da ya ba da fegin. Shi nake nema, amma yau babu ko alamarsa. A gurbinsa akwai ɗakin karatu na Regenstein, ƙaton gini mai ruwan toka, ɗalibai na ta shige da fice, kowa da jaka a baya.

A nan ne, ranar 24 ga Nuwamba 1898, wadda ta dace da bikin godiya na Amurkawa, Mishigan ta zo ta kara da Shikago. Duk wanda ya ci shi ne zakaran gasar jami'o'in yankin, wadda a lokacin ake kira Gasar Yamma, kuma Mishigan ba ta taɓa ɗaukar ta ba. Wani ɗan wasa mai suna Charles Widman ya sungumi ƙwallo ya yi gudun yadi 65 ya dire ta a bayan layin Shikago. Aka tashi 12 da 11, maki ɗaya tak a tsakani. Ɗaliban Mishigan da suka yo ayari a jirgin ƙasa don kallo suka fantsama kan titi suna murna, suna rera wata waƙa da ake yayi a lokacin, wadda ko'ina ka je a ƙasar ita za ka ji. Cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 21 mai karatun kiɗa, Louis Elbel. Shi dai abin bai kwanta masa ba: nasara irin wannan, a ce da waƙar aro za a yi bikinta? A hanyarsa ta zuwa gidan 'yar'uwarsa da ke unguwar Englewood karin ya fara zuwa masa, ya soma rubutu a daren nan, ya ƙarasa a jirgin komawa Ann Arbor.

Abin da ya biyo baya a wannan fegi ya fi wasan nauyi. An sake wa filin suna ya koma Stagg Field. A 1939 Mishigan ta lallasa Shikago da ci 85 da nema, kuma a ƙarshen shekarar shugaban jami'ar, Robert Hutchins, wanda da ma yake ganin ƙwallo na cin lokacin karatu, ya soke ƙungiyar ɗungurungum. Filin ya zauna kango. Ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ta yamma masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka jibge tubalan gawayin fensir da ƙarfen yuraniyam, ranar 2 ga Disamba 1942 suka kunna tukunyar nukiliya ta farko da ɗan'adam ya iya sarrafawa. Na zagaya ta titin Ellis na tarar da sassaƙen tagulla da Henry Moore ya yi don tunawa da ranar, mai kama da ƙoƙon kai ta wani gefen, ta wani gefen kuma kamar hayaƙin bam. Na jima a tsaye. Jami'o'i biyu sun haɗu a nan da yammacin wata Alhamis, ɗaya ta tafi da waƙa, ɗaya daga baya ta yar da wasan ta rungumi ɗakin gwaji. Ban ga dalilin yi wa ko ɗaya dariya ba.

Daga tashar Union na hau jirgin Amtrak da ake kira Wolverine, sunan wata dabbar dawa mai zafin rai wadda ita ce laƙabin 'yan wasan Mishigan. Tafiyar ta haura awa huɗu. Da farko ana ratsa masana'antun ƙarfe na arewacin Indiyana, bututun hayaƙi da tsatsa, daga nan sai gonakin masara da aka girbe, sai garuruwan Kalamazoo da Battle Creek da Jackson. Agogo yana ƙara awa ɗaya a hanya. Lokacin kaka ne, ganyaye sun rine ja da ruwan ɗorawa, kuma dab da isa layin yana bin gaɓar kogin Huron. A kowace tasha masu riga shuɗiya mai harafin M ƙaruwa suke yi, har da jarirai a goye. Kusa da tashar Ann Arbor ta yanzu akwai tsohuwar tashar da aka gina da duwatsu a 1886, inda jiragen Shikago ke tsayawa a zamanin Elbel. Yanzu gidan cin abinci ce.

'Yar yayana na jirana a bakin tasha da rigar sanyi a hannu.

"Baffa, sannu da hanya. Sa wannan, sanyin nan ba ya sallama."

Na duba, rigar shuɗiya ce, ga M ɗin nan ruwan masara a ƙirji. Ta ce ranar Asabar kowace kala zan iya sawa ban da ja, don ja na Jami'ar Jihar Ohayo ne, abokiyar gabarsu, wadda suke rufe kakar wasa da ita kowane ƙarshen Nuwamba. Launukan Mishigan kuwa, shuɗi da ruwan masara, ɗalibai ne suka zaɓe su tun 1867, sun girmi taken da shekara 31.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin da ke titin Plymouth, inda na ga Larabawa da 'yan Pakistan da Somaliyawa da 'yan Afirka ta Yamma a sahu guda. Daga nan ta zaga da ni cikin makaranta. An kafa jami'ar a Detroit a 1817, aka maido ta Ann Arbor a 1837, kuma garin da jami'ar sun cakuɗe har ba ka gane inda ɗaya ta ƙare. A tsakiyar dandalin akwai harafin M na tagulla a shimfiɗe a ƙasa, sababbin ɗalibai na kauce masa don an ce wanda ya taka shi kafin jarrabawarsa ta farko zai faɗi. A matakalar ginin ƙungiyar ɗalibai ta nuna mini inda John Kennedy ya tsaya da misalin ƙarfe 2 na dare, ranar 14 ga Oktoba 1960, yana neman ƙuri'ar shugabancin Amurka, ya tambayi matasa ko za su yarda su je ƙasashe masu tasowa su yi aiki. Daga wannan tambaya shirin Peace Corps ya tsiro, wanda ya kawo matasan malamai Amurkawa makarantun sakandaren Nijeriya da Nijar a shekarun 1960. Dattawanmu da yawa sun zauna a azuzuwansu.

Da la'asar sakaliya muka ji ganguna daga kudu, muka bi sautin. 'Yan badujalar jami'ar ne ke atisaye a filin da aka raɗa wa sunan Elbel. Sun doshi mutum 400, dukkansu ɗalibai, kuma akasarinsu ba kiɗa suke karanta ba: akwai masu injiniya, masu aikin jinya, masu lissafi. An kafa badujalar a 1896, William Revelli ya riƙe ta daga 1935 zuwa 1971 ya yi mata tarbiyyar soja, kuma sai a 1972 aka fara ɗaukar mata. Na ga yadda ake maimaita gaɓa ɗaya ta taken har sai sahu ya miƙe, gwiwa ta taso daidai ƙugu. Wata yarinya siririya na ɗauke da ƙaton kakakin nan da ke naɗe jiki, bakinsa ya buɗe sama da kanta. Leɓenta ya yi ja saboda sanyin ƙarfe, kafin a ba da umarni takan hura iska mai ɗumi a cikin mabusar. Jama'ar gari sun jeru a bakin waya suna kallo, ba wanda ya biya ko sisi.

Irin wannan kakaki, in ji 'yar yayana, da sunan John Philip Sousa ake kiran sa, sarkin kiɗan maci na Amurka. Shi ma yana cikin labarin. A watan Afrilu 1899 Elbel ya fara jagorantar ɗalibai suka kaɗa taken a bainar jama'a, bayan 'yan kwanaki Sousa ya iso Ann Arbor da makaɗansa, Elbel ya miƙa masa takardar, suka kaɗa shi a daren. Ana danganta wa Sousa cewa bai ji taken jami'a da ya kai shi ba. Akwai kuma wata magana da masana kiɗa ke tayarwa: amshin ya yi kama sosai da wani sashe na macin da George Rosey ya fitar watanni kaɗan kafin wasan Shikago. Wannan bai rage mini komai ba. Kari yakan yi yawo daga kunne zuwa kunne, abin da Elbel ya ɗora a kansa shi ne ya zauna. Shi ɗin kuma mutumin South Bend ne ta Indiyana, inda danginsa ke da kantin kayan kiɗa, garin Jami'ar Notre Dame ke nan, wadda nata taken ne kullum ake gwada shi da na Mishigan. Har ya tsufa yakan dawo Ann Arbor ya ɗaga sanda ya jagoranci badujala. Ya rasu a 1959.

Asabar tun da hantsi garin ya sauya kama. An toshe tituna, mutanen unguwa sun mai da farfajiyar gidajensu wurin ajiye motoci suna karɓar kuɗi. A filin makarantar sakandaren da ke tsallaken titi da kuma filin wasan golf, iyalai sun buɗe bayan motoci sun kafa rumfuna suna gashin nama. Akwai shaye-shaye sosai, musamman a layin gidajen samari, muka bi ta wani titin. Mutanen Ann Arbor ba su wuce dubu 120 da 'yan kai ba, filin kuma na cin mutum 107,601. Ɗayan nan da ke ƙarshen lissafin kujera ce da aka keɓe don girmama Fritz Crisler, kocin da ya kawo musu hular kwano mai zanen fukafuki a 1938. Tun Nuwamba 1975 ba a yi wasan gida da 'yan kallo suka gaza dubu 100 ba, in ka cire shekarar annobar korona da aka rufe ƙofa. Masu bin ƙwallon Turai za su tuna filin: nan Manchester United ta ci Real Madrid 3 da 1 a watan Agusta 2014, gaban mutum 109,318.

Daga waje ba ka ganin girmansa, domin a rami aka gina shi a 1927, ƙarƙashin kulawar Fielding Yost, shugaban wasannin jami'ar a lokacin. Ka shigo ta ƙofa daidai da titi, sai kawai ka ga ƙasa ta buɗe a gabanka, layi bayan layi na benci har can ƙasa inda ciyawa take. Na tsaya cak sai da na bayana ya taɓa ni. Benci ne zalla babu majingina, an rubuta lamba a kowane gurbi, kuma gurbin bai kai faɗin mai rigar sanyi ba, dole kafaɗa ta gogi kafaɗa. A damana wani dattijo Bature ne da matarsa, sun zo da ɗan matashin zama. Ya ce mini a wannan layin mahaifinsa ya fara kawo shi yana yaro.

Sai sanarwa ta tashi, ganguna suka amsa, 'yan badujala suka ɓarko daga ramin da ke ƙarƙashin 'yan kallo da sassarfa. Madugunsu ya fito gaba da doguwar hula mai gashin tsuntsu, ya lanƙwasa ta baya a hankali har ya taɓa ƙasa, filin ya ɗauki sowa. Suka jeru suka zana M a kan ciyawa, suka taho. A nan aka fara taken. Duk wanda ke zaune ya miƙe. Amshin gajere ne: gaisuwa ga jarumai masu nasara, gaisuwa ga mazaje masu cin gari, gaisuwa ga Mishigan jagora wadda ta fi kowa, a rufe da kiran ta zakarar Yamma. Duk inda kalmar gaisuwar ta faɗo, sai a dunƙule hannu a cilla shi sama. Na juya na dubi ɗaya gefen filin, hannaye dubu-dubai na tashi suna sauka lokaci guda, sautin can kuma yana iso mu a ɗan makare, har ka ji kamar ana amsa wa juna. Bencin da ke ƙarƙashina yana rawa. Dattijon nan muryarsa ta dushe amma bai bar kalma ɗaya ba, 'yar yayana kuma, da mayafinta da komai, hannunta na sama. Tsigar jikina ta tashi. Ana cikin haka 'yan wasa suka fito a guje, kowa ya yi tsalle ya taɓa wani dogon ƙyalle da aka ɗaga musu a tsakiyar fili, al'adar da aka fara a 1962.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa in an yi maka bayani. Mutum 11 a kowane ɓangare, ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, in ta kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ta sami maki 6. Minti 60 ne a agogo, amma da tsaye-tsaye da tallan talabijin sai ya haura awa uku. Duk maki da aka ci sai an kaɗa taken, kuma ɗalibai, da ke cunkushe a kusurwa guda, ba su zauna ba har aka tashi.

Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne yadda aka gina baitocin. Yawancin taken jami'o'in Amurka roƙo ne da zuga: ku tashi, ku yi faɗa, ku ciyo mana. Na Mishigan ba ya roƙon komai, don bayan an ci aka rubuta shi. Yana magana kamar an riga an gama. Haka makaɗin dambe yake yi in ya kaɗa wa ɗan wasa takensa: ba ya ce masa don Allah ka yi ƙoƙari, faɗa masa yake ko shi wane ne, sai ya rage wa mai taken ya fito ya cika sunan ko ya ji kunya a gaban jama'a. A ganina ƙarfin wannan waƙa ke nan, nauyinta ma ke nan.

A hutun rabin lokaci na tambayi dattijon ko ana rera ta ranar da aka sha kashi.

"Ranar ma ta fi amfani," in ji shi. Ya ce yana nan zaune a 2007 lokacin da wata ƙaramar makaranta, Appalachian State, ta zo ta ci su 34 da 32, abin da har yau ake musu gori da shi. Shekarar da ta biyo baya wasa 3 kawai suka ci cikin 12. "Ba mu fasa tashi ba. A Janairu 2024 da muka ɗauki kofin ƙasa, waƙar ba ta canza ba, mu ne muka kamo ta."

Shi ne kuma ya ba ni labarin lokacin da taken ya kusa shiga kwandon shara. Wajen 1907 Mishigan ta yi rigima da sauran jami'o'in Gasar Yamma kan dokokin wasa, ta fice. Tunda ba ta cikin gasar, kiran kanta zakarar Yamma ya zama magana mara tushe, sai a 1911 wasu mutum biyu, Fred Lawton da Earl Moore, suka tsara wani sabon take. Da Mishigan ta koma gasar a 1917, tsohon ya dawo gurbinsa, sabon kuma har yau ana kaɗa shi a matsayin na biyu. Wannan ya burge ni: mutanen wancan zamani sun ɗauki kalmomin da gaske har suka ji nauyin rera abin da ba haka yake ba. Gasar ita ce yau ake kira Big Ten, jami'o'i 18 ne a ciki tun 2024, daga gaɓar tekun gabas har ta yamma.

Mishigan ce ta ci a ranar. Muka bi ayari muka fita, muka yi sauri gida don azahar ba ta jira.

Da dare, muna cin tuwon semo da ta tuƙa da miyar kuka da na kawo mata, ta lissafa mini inda taken ya kai bayan filin wasa. Ana rera shi ranar yaye ɗalibai, wanda a cikin filin nan ake yi. Ana kaɗa shi a bukukuwan auren tsofaffin ɗalibai. Asibitin yara na jami'ar yana kiran majinyatansa ƙananan masu nasara. Da jami'ar ta buɗe gidauniyar neman taimako, daga taken ta ɗauko mata suna, aka tara sama da dala biliyan 5 kafin a rufe a 2018. Wato waƙar ɗan shekara 21 ta zama jari. Ban ga aibu a nan ba, tunda kuɗin na komawa ɗakunan gwaji da tallafin karatu, irin wanda ita kanta take ci. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda mutum zai bar makaranta shekara arba'in amma ya ji har yanzu ana bin sa bashi, kuma ya biya da daɗin rai.

Wanda ya fi kowa kai taken nesa shi ne Gerald Ford. Ya buga wa Mishigan daga 1932 zuwa 1934 da lamba 48, ya zama shugaban Amurka a 1974 bayan murabus ɗin Richard Nixon. Sau da yawa yakan sa badujalar soja ta kaɗa masa taken jami'arsa maimakon wanda aka saba yi wa shugaban ƙasa. Da ya rasu a ƙarshen Disamba 2006, aka kawo gawarsa Grand Rapids, garin da ya tashi, 'yan badujalar Mishigan ne suka tarbe ta a filin jirgin sama, suka kaɗa masa shi.

Amma labarin Ford yana da wani ɓangare, kuma don shi ne ta mai da ni ginin ƙungiyar ɗalibai ranar Lahadi. Akwai wani zaure a ciki mai sunan Willis Ward. Baƙar fata ne, abokin Ford, tare suke kwana ɗaki ɗaya in an yi tafiyar wasa. Gwani ne a ƙwallo, a guje-guje kuma ya taɓa tsere wa shahararren ɗan tseren nan Jesse Owens. A 1934 Yost, wanda a lokacin shi ne shugaban wasanni, ya gayyato ƙungiyar jami'ar Georgia Tech daga kudancin Amurka. 'Yan Georgia Tech suka ce ba za su taka fili da baƙar fata ba. Ɗalibai da malamai suka yi ta ƙorafi, aka yi taruka, amma jami'ar ta ajiye ɗan wasanta. Ford ya so ya bar ƙungiyar, Ward ya ce masa ya je ya buga. Ranar 20 ga Oktoba aka yi wasan babu shi, Mishigan ta ci 9 da 2, kuma shi ne kaɗai wasan da ta ci a shekarar. Sauran maki 12 da ƙungiyar ta samu a duk kakar, Ward ne ya ci su. Daga baya ya karanta shari'a, ya zama alƙali a Detroit.

Na zauna a zauren ina tunanin wannan Asabar ta 1934. Makarantar da ke kiran kanta jagora ta bi umarnin baƙo a cikin gidanta, a filin da ta gina da kuɗinta, a kan ɗanta. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, wataƙila don jiya-jiya na ga yadda waƙar ke haɗa mutane. Ford bai manta ba. A 1999, bayan an kai jami'ar kotu kan la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ya yi rubutu a jaridar New York Times yana kare ta, ya kawo labarin Ward. Kotun Ƙoli ta amince da tsarin sashen shari'a na jami'ar a 2003, amma a 2006 masu zaɓen jihar suka haramta shi. Jami'ar da kanta ta shaida wa kotu daga baya cewa baƙaƙen fata a cikin masu digirin farko sun ragu daga kusan kashi 7 cikin 100 zuwa kusan kashi 4, a jihar da suka kai wajen kashi 14.

Na ce mata, "'Yata, kin san duk wannan, kuma jiya na ga hannunki a sama."

"Na sani, Baffa. Shekarata ta farko ban rera ba, tsayawa kawai nake yi. Wata malamata baƙar fata, wadda ita ma nan ta yi karatu, ita ta ce mini in rera. Ta ce su suka ce su ne jagorori, ba wanda ya tilasta su, to mu da ke ciki mu ne za mu riƙa tuna musu. In na yi shiru na bar musu waƙar ke nan, alhali ni ma da gumina a makarantar nan."

Ta ce akwai ƙungiyar ɗaliban Afirka da suke zuwa makarantun sakandaren Detroit suna taya yara cike takardun neman shiga jami'a, ita ma tana zuwa in aikin ɗakin gwaji ya sarara. Daga nan ta duba agogo ta ce motar filin jirgi na tashi daga tsakiyar gari, gara mu je in haɗa kaya, ga kuma saƙon magani da za ta ba ni in kai wa mahaifinta.